Yadda Ake Fitar da Gwanaye Goma a Shirin da Ya Haura Kashi 750

"Assalamu alaikum Malam. Ni da abokaina huɗu mun daɗe muna kallon shirin katun ɗin nan na Amurka, The Simpsons, sai muka yi shawara kowa ya kawo kashi goma da ya fi so, mu tace mu fitar da goma na gaba ɗaya. Yau wata biyu ke nan abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ɗaya ya ce duk abin da ya wuce zango na takwas, wato shekara ta takwas ta shirin, shara ne. Ɗaya ya ce mu bi makin da jama'a suka bayar a shafin fina-finai na IMDb kowa ya huta. Ni kuwa wanda na fi so shi ne 'Bart Gets an F', amma da na faɗa dariya suka yi mini. Shin akwai ma'aunin da masana ke bi, ko kowa son ransa yake bi? Kai kuma wanne ka ɗora a sama?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. In na fahimce ka, abu uku kake nema: ko akwai sikelin da ake auna kashi da shi, ko abokan nan naka biyu suna kan gaskiya, sannan kana so in tona nawa jerin. Na ukun ya fi sauƙi, don haka zan ja maka rai in bar shi sai can gaba. Ka fara sanin cewa rigimar nan ta girme ku. Tun farkon shekarun 1990 masu kallo ke tafka wannan musu a intanet, har marubutan suka gaji suka rama a cikin shirin. A wani kashi na 1997 suka sa mai shagon littattafan katun ɗin nan, mai tumbi da raina mutane, ya fito yana cewa bai taɓa ganin kashi mai muni irin na daren jiya ba. Da irinmu masu sharhi suke.

Na shafe shekaru ina koyar da rubutun wasan barkwanci, kuma wannan shiri na cikin abin da nake kwancewa a gaban ɗalibai kamar yadda makaniki ke kwance inji a ga yadda aka ɗaura shi. Na jera kashi-kashinsa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma jerin bai taɓa fitowa iri ɗaya ba.

Suna ɗaya, hannu da yawa

Iyalin Simpson sun fara bayyana ranar 19 ga Afrilun 1987, a gajerun zane masu motsi da ake sakawa a tsakiyar The Tracey Ullman Show. Matt Groening ne ya zana su, ya raɗa musu sunayen mutanen gidansu: Homer sunan mahaifinsa ne, Lisa da Maggie kuma ƙannensa mata. Ranar 17 ga Disambar 1989 tashar Fox ta fara nuna shi a matsayin shiri mai cin gashin kansa na rabin awa, wanda in ka cire talla kusan minti 22 ne. A 1997 ya wuce The Flintstones mai kashi 166, a 2018 ya wuce Gunsmoke mai kashi 635, a 2023 ya cika 750 bai kuma tsaya ba. In ka buga lissafi, kashi 750 awa 275 ne, wato kusan kwana goma sha ɗaya da rabi ba runtsawa. Duk wanda ya ce maka ya riƙe su duka a ka yana kwatantawa, ko ya rantse kada ka yarda.

Abin da masu jeri suka fi mantawa shi ne, a talabijin ɗin Amurka kowane shiri yana da jagora mai riƙe da ragamar ɗakin marubuta. Shi ke zaɓen labarin da za a yi, shi ke cewa wannan raha ta zauna, waccan a cire ta. Sunan da kake gani a matsayin marubucin kashi shi ya yi rubutun farko, amma sai ɗaki guda ya taru a kai, a goge, a sake, wani lokaci har mai rubutun ya kasa gane kayansa. Zango biyu na farko Groening da James L. Brooks da Sam Simon ne suka riƙe, kuma labaran a ƙasa suke, na gida da makaranta da ƙarancin kuɗi. Na uku da na huɗu Al Jean da Mike Reiss suka karɓa, raha ta ƙara gudu. Na biyar da na shida David Mirkin, wanda bai ji tsoron hauka ba, shi ne ya tura Homer sararin samaniya a 1994. Na bakwai da na takwas Bill Oakley da Josh Weinstein, masu son tono tarihin ƙananan mutanen garin Springfield da yi wa shirin kansa tambayoyi. Daga na tara zuwa na sha biyu Mike Scully, sannan Al Jean ya dawo daga na sha uku ya daɗe a kujerar.

Sunan da ke jikin ƙofa bai canza ba, amma masu gidan sun sha canzawa. Wanda ya ɗora "Lisa's Substitute" a sama da wanda ya ɗora "You Only Move Twice" kusan ba shiri ɗaya suke yabo ba. Rabin faɗanku daga nan yake.

Mai cewa bayan zango na takwas shara ne

Abokin nan naka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza. An fi dangana abin ga tafiyar marubuta, kuma gaskiya ne a 1993 da yawa sun tafi: Sam Simon da ya haɗa ɗakin tun farko, Jay Kogen da Wallace Wolodarsky, da Conan O'Brien wanda ya koma gabatar da shirin dare a NBC. Amma shirin ya tsallake wannan, don zango huɗu da suka biyo baya suna cikin waɗanda aka fi yabo. Ni a ganina cutar a cikin ƙirar shirin take. Mutanensa ba sa girma. Bart ɗan shekara goma ne har gobe, Lisa takwas, Maggie ba ta yar da abin tsotsonta ba. Zuwa ƙarshen zango na takwas an yi kashi 178. Duk wata matsala da za ta iya samun iyali mai 'ya'ya uku an taɓa ta: an kori uba daga aiki, aure ya girgiza, yaro ya yi sata, kare ya yi ciwo. Marubucin da ya zo bayan nan ƙofa biyu ta rage masa, ko ya ƙara gishiri ko ya gayyato baƙo.

Duka biyun aka yi. Homer na farko wawa ne mai son 'ya'yansa, in ya ɓata sai ya ji kunya. Daga baya ya zama mai ihu da ɓarna, ya cuci mutum ko a jikinsa. Baƙi kuma, a 1991 Dustin Hoffman ya ɗora muryar malamin Lisa har ya ɓoye sunansa, aka rubuta Sam Etic. Daga baya sai tauraro ya shigo gari a matsayin kansa, a tsaya ana gaishe shi, labari na jira. Ga kuma rashin Phil Hartman da aka kashe a watan Mayun 1998. Shi ke muryar Troy McClure da lauyan nan maras gaskiya Lionel Hutz, kuma don girmama shi aka jingine su duka biyun. Wannan giɓi ba a cike shi ba.

Inda abokinka ya zame shi ne da ya ja layi kamar da rula. Kashin da aka fi kira farkon lalacewa, "The Principal and the Pauper" na Satumbar 1997, inda aka ce shugaban makaranta Skinner sojan gona ne mai suna Armin Tamzarian, a zango na tara aka nuna shi, amma Oakley da Weinstein ne suka jagorance shi, su ɗin dai da suka yi na bakwai da na takwas da yake yabo. Harry Shearer mai muryar Skinner ya fito fili ya ce bai so labarin ba. Sannan a ƙetaren layin akwai kayan da ba za a zubar ba. "Trilogy of Error" na 2001 yini ɗaya ne aka ba da labarinsa sau uku, ta idon Homer, ta idon Lisa, ta idon Bart, kuma kowane zare ya haɗu da ɗan'uwansa ba tare da kulli ya fito ba. Ina ba ɗalibai shi in za mu yi darasin gina labari. "Eternal Moonshine of the Simpson Mind" na 2007 ya ci kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin. "Holidays of Future Passed" na 2011 da "Barthood" na 2015 sun bar yaran sun girma, sai ga shirin ya sake numfashi, wanda hakan ma shaida ce kan inda cutar take. "Pixelated and Afraid" na 2022, inda Homer da matarsa Marge suka ɓace a daji cikin ƙanƙara bayan haɗarin mota, kusan babu kowa a cikinsa sai su biyu, kuma ya tsaya da ƙafarsa. Ka tambayi abokinka yaushe rabonsa da kallon ɗaya daga cikin waɗannan. Sau da yawa mai wannan magana ya daina kallo ne tun tuni, hukuncin kuma ji ya yi.

Mai cewa a bi IMDb

Wannan hutu yake nema, kuma ban ga laifinsa ba. Makin yana da amfani wuri ɗaya: in kana so ka san kashin da za ka fara gwadawa a zangon da ba ka sani ba, zai yi maka hannunka mai sanda. Bayan wannan kada ka ɗora masa kaya. Waɗanda ke zuwa ba da maki su suka kawo kansu, kuma mutum bai cika tashi ya je ba sai so ko haushi ya kai shi. Wanda ya zo daga baya ya riga ya ga makin kafin ya kalla, sai ya bi sahu. Kashin da mawaƙiya Lady Gaga ta fito a 2012 ya daɗe a can ƙasan jerin, kuma ba na kare shi, amma wani ɓangare na dukan da ya sha fushin shekaru ne aka sauke masa. A sama kuma makin ya cushe wuri ɗaya, tazarar da ke tsakanin na uku da na sha biyar ba ta kai a yi musu a kanta ba. Ko da ma makin daidai yake, jerin ku biyar kuke so ku fitar. In kun kwafo na dubban mutanen da ba ku sani ba, me ya rage naku a ciki?

Ma'aunin da nake bi

Da na fara, ƙirgen dariya nake yi. In zauna da biro, duk inda na dara in ja layi, a ƙarshe in tara. Sai jerin ya fito a karkace: kashin da ke harbo raha kamar ruwan sama ya haye, wanda na fi tunawa bayan shekaru ya faɗo ƙasa. Na yar da wannan hanya. Yanzu tambayoyi nake yi wa kashi, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Mafi nauyi ita ce: in na cire wannan mutum na sa wani, labarin zai tafi? In zai tafi, kashin ba shi da saiwa, ko da ya sa ni hawayen dariya. Ɗauki "Last Exit to Springfield" na Maris 1993. Burns, mai tashar nukiliya, ya soke wa ma'aikata tsarin biyan kuɗin likitan haƙori, ya toshe musu baki da gangar giya a wurin taro, kowa na murna. A daidai lokacin Lisa na bukatar wayar gyaran haƙora. Sai aka bar mu a cikin kan Homer, magana biyu suna kai da komo, tsarin haƙori, Lisa na bukatar waya, tsarin haƙori, Lisa na bukatar waya, har ka fara tausayin ƙwaƙwalwar kafin ta haɗa su. Daga nan ya tsinci kansa shugaban ƙungiyar ƙwadago. Duk abin da ya biyo baya a kan kuskure ɗaya aka gina shi: Burns ya ɗauka wautar Homer dabara ce. Fitsari ya matse Homer a gidan Burns yana neman hanyar fita, Burns na ganin ƙwararren mai ciniki ne ke juya masa baya. Aka shiga yajin aiki, Burns ya kashe wutar gari, ma'aikata suka ci gaba da waƙa a cikin duhu Lisa na kaɗa musu jita. Da ya sallama, sharaɗinsa ɗaya ne, Homer ya sauka daga shugabanci, sai Homer ya faɗi ƙasa yana juyi don murna, a nan Burns ya fara zargin ba gwanin da ya zata ba ne. Cire Homer ka sa maƙwabcinsu Flanders, babu labari. Cire Burns ka sa wani mai kuɗi, babu labari. Mujallar Entertainment Weekly ta ɗora shi na ɗaya a jerinta na 2003, kuma wannan karo ban yi musu da su ba.

Tambaya ta biyu: a kallo na uku me ya rage? Raha iri biyu ce. Akwai wadda ba-zata ke riƙe da ita, da ka san ta ta mutu. Akwai wadda sanin ta ke ƙara mata daɗi, kana jiranta kana murmushi tun kafin ta iso. Manjagaran "Cape Feare" na 1993 irin ta biyun ce. Sideshow Bob, mai farautar Bart don ya kashe shi, ya fito daga ƙarƙashin mota ya taka manjagara, sandar ta ɗago ta buge shi a fuska, ya yi gunaguni, ya juya ya taka wata, haka har sau tara. Masu shirin sun faɗa da bakinsu cewa kashin ne ya gaza tsawo, suka ja wurin don cike lokaci. Na farko abin dariya ne, na huɗu ka fara gajiya, na bakwai dariyar ta dawo ta fi ta farko, don yanzu ƙarfin halin masu shirin kake yi wa. Ina nuna wa ɗalibai wannan in gargaɗe su kada su gwada, domin sau ɗaya ake cin irin wannan kasuwa.

Akwai dalilin da ya sa tsofaffin kashi ke jure maimaici. Kowane kashi wata shida ko fiye yake ɗauka, daga rubutu zuwa ɗaukar murya zuwa zanen da ake kammalawa a Koriya ta Kudu. Ba su da halin bin labarin makon nan, dole suka koma kan abin da ba ya tsufa: kwaɗayi, lalaci, kishi, tsoron maigida, gari guda ya rikice ya bi ɗan damfara. Duk kashin da ya jingina da abin da ake yayi a shekararsa, kafin ya iso allo ya fara bushewa.

Ta uku ita ce ƙarshe. Minti 22 ba yawa, kuma da yawa daga kashi masu daɗin farko a minti biyun ƙarshe suke zubewa, a kawo wata hayaniya a rufe. Wanda ya san inda za shi tun daga farko daban yake. "And Maggie Makes Three" na Janairun 1995 ya buɗe da tambayar yara: me ya sa babu hoton Maggie ko ɗaya a kundin hotunan gida? Sai labari ya koma baya. Homer ya gama biyan bashi, ya ajiye aikin da ya tsana, ya samu wanda yake so a gidan wasan bolin, albashi kaɗan amma rai kwance. Sai ga cikin Maggie. Dole ya koma wurin Burns, aka sa shi ya shiga da rarrafe ta ƙofar masu roƙo, aka kafa masa allo a gaban teburinsa mai cewa kada ya manta nan zai dawwama. Sai a hoton ƙarshe muka ga inda hotunan suke: ya manne su a kan allon, sun rufe wasu haruffa, abin da ya rage yana cewa ka yi domin ita. Ba wanda ya yi jawabi. Na kalle shi da ɗalibai sau da dama, kuma kullum sai ɗakin ya yi tsit.

Abu biyu kuma da nake cirewa gefe. Kashin ban tsoro na "Treehouse of Horror" da ake yi kowace shekara tun 1990 nasu jerin daban, don a cikinsu ana mutuwa a tashi, dokar shirin ba ta aiki. Sai kashin da wani guntu nasa ya yi suna a intanet. Wurin da Skinner ya gayyaci sufeton makarantu cin abinci, girki ya ƙone, ya yi ta ƙarya kan ƙarya har gida ya kama da wuta, 'yan mintuna ne a cikin "22 Short Films About Springfield" na 1996. In wani ya kawo shi, ku tambaye shi sauran labaran da ke ciki. In ya lissafo su, ya cancanci ya kawo.

Yadda za ku raba gardamar

Ku daina ba da maki bisa goma, don takwas ɗin wani tara ce a wurin wani. Ku haɗa abin da kowa ya kawo, ku tace ya koma ashirin. Ashirin awa bakwai ne da minti ashirin, ana iya gamawa a zama uku ko huɗu, kuma sharaɗi ne a sake kallo tare, kada wanda ya yi hukunci da abin da ya tuna tun yana ƙarami. So hana ganin laifi ne, tunawa kuma ta fi so iya ƙawata abu. Sannan ku riƙa gwada biyu-biyu da tambaya ɗaya: in ɗaya za a bar mana, wanne? Ku biyar ne, ba za a yi kunnen doki ba. Kada ku ce sai kowanne ya kara da kowanne, wannan karo 190 ne, za ku ɓata kafin ku gama. Ku ɗauki sabon kashi ku gwada shi da na tsakiyar jerin da kuka riga kuka gina, in ya ci ku haura rabin sama, in ya faɗi ku gangara, cikin tambaya huɗu ko biyar ya samu mazauninsa. Ku sa doka kada zango ɗaya ya wuce kashi uku, in ba haka ba zango na huɗu zai cinye muku rabin jeri. Kuma kowa a ba shi kujera ɗaya da ba a taɓawa: biyar na ƙuri'a, biyar na zuciya.

Wani ɗan abu kafin ku zauna. Tsofaffin kashi a allo mai kusan murabba'i aka zana su, sai a 2009 shirin ya koma faffaɗan allo. Da manhajar kallo ta Disney+ ta fara nuna su a 2019 an yanke sama da ƙasan hoton don ya cika allo, har wasu raha da ke jikin zanen suka ɓace, sai a 2020 aka ba da zaɓin asalin girman. Ku zaɓi asalin.

Nawa jerin

Na ɗaya "Last Exit to Springfield", ka riga ka ji dalili. Na biyu "Marge vs. the Monorail" na Janairun 1993, rubutun Conan O'Brien. An ci Burns tarar dala miliyan 3, Marge ta ce a gyara babban titin gari, sai wani ɗan damfara mai zaƙin baki, da muryar Hartman, ya rera musu waƙa ɗaya suka zuba kuɗin a jirgin ƙasa mai layi ɗaya da ba su da inda za su je da shi. In aka bi tambayata ta farko da tsauri zai ɗan sauka, don haukansa ya fi mutanensa yawa, amma a nan garin ne kansa jarumin, kuma ba a taɓa zana wautar taron jama'a da kyau haka ba. Na uku "And Maggie Makes Three".

Na huɗu shi ne wanda nake canza wa wuri kullum, "Homer's Enemy" na Mayun 1997, rubutun John Swartzwelder wanda ya rubuta kashi 59, fiye da kowa. An kawo mutum irin na duniyar gaske, Frank Grimes, wanda ya sha wuya tun yana yaro, ya yi karatu da guminsa, aka ajiye shi kusa da Homer. Ya ga malalacin da ke barci a bakin aiki yana da katafaren gida da mata da 'ya'ya, har sararin samaniya ya je, shi kuwa ɗaki ɗaya gare shi. Ya yi ta ƙoƙarin nuna wa mutane, ba wanda ya damu, har ya zare ya kama wayar lantarki ya mutu, a wurin binne shi kuma Homer ya yi barci yana sambatu kowa na dariya. Wata shekara in ce wannan ne mafi zurfin abin da suka taɓa yi. Wata shekara in ce a nan suka koya wa kansu cewa Homer zai iya yin komai a yafe masa, kuma abin da ya ɓata shekarun baya ke nan. Duka biyun nake gani har yanzu. Bayansa "Lisa's Substitute", "Cape Feare", "You Only Move Twice", "Mother Simpson", sannan "Trilogy of Error". Na goma a buɗe nake barinsa.

Ka lura jerin nan nawa ne da duk son zuciyar da ke ciki. Malamin rubutu ne ni, don haka ginin labari na rinjayata fiye da kyan zane ko kiɗa, kuma wanda ya karanci zane zai kawo maka wani jerin ya kare shi da hujja. Sannan ba a Amurka na tashi ba. "Homer at the Bat" na 1992 ya tara shahararrun 'yan wasan besbol tara, Amurkawa na ɗora shi can sama, ni kuwa ina ganin kyan ƙirarsa amma daɗin ganin waɗannan mutane ba ya iso ni yadda yake isar musu. Ba zan sa shi a goma don kunyar masana ba, ku ma kada ku sa abin da bai taɓa ku ba.

Saura naka. Waɗanda suka yi maka dariya su koma su kalla. "Bart Gets an F" shi ya buɗe zango na biyu ranar 11 ga Oktoban 1990, shi ne sabon kashi na farko da ya kara da The Cosby Show bayan Fox ta kai shirin Alhamis, kuma sama da mutum miliyan 33 suka kalle shi, adadin da wani kashi bai sake kaiwa ba. Zanensa da ɗan kaushi, rahar ba ta da gudun na zango na huɗu, shi ya sa ba ya shiga jerin masu ƙirgen dariya. Amma gwada shi da tambayata ta farko. Yaron da duk Amurka ta sani da taƙama da rashin karatu aka ce masa in ya sake faɗuwa zai maimaita aji. Ya roƙi Allah ƙarin kwana ɗaya, ƙanƙara ta sauka aka rufe makaranta, gari duka na waje ana wasa, shi yana ƙulle yana marin kansa don ya tattara hankali. Ya yi iya yinsa, ya ci 59, maki ɗaya ya rage. Kukan da ya fashe da shi a gaban malama ba na shagwaɓa ba ne, na wanda ya gwada da gaske ne ya ga bai isa ba. A cikin kukan ya kwatanta kansa da George Washington ranar da ya miƙa wa Faransawa sansanin Fort Necessity a 1754, malamar ta ga ashe karatun ya shiga, ta ƙara masa maki ɗayan. Ya fita da gudu yana shelar ya ci, da mafi ƙanƙantar makin da ake tsallakewa da shi, sai can ya tuna a cikin murna ya sumbaci malamar, ya hau tofar da yawu. Ba Lisa za a ba wannan labari ba, ba Milhouse abokin Bart ba. Ka ɗora shi a kujerarka da ba a taɓawa, in kuma sun matsa maka, ka ce su fara nuna shi a zaman farko kafin kowa ya jefa ƙuri'a.